Ranar da Motar Malam Ta Yi Shiru

Ƙwal! Ƙarar da ludayi ya yi ke nan a gindin gwangwanin man gyaɗa, wata Laraba da hantsi, ina shirin soya albasar miya. Duk matar da ta taɓa riƙe madafa ta san ludayin da ya nutse cikin mai ba ya magana, sai wanda ya taɓa ƙarfe. Gwangwanin nan kuwa cikin makon na cika shi da hannuna. Na leƙa, ɗan abin da ya rage ko ƙwai ba zai soya ba. Na duba ƙasa ko tsiyayewa ya yi, ƙasa a bushe. Na dubi kyanwa, kyanwa ta dube ni.

Ina tsaye da ludayi a hannu sai na tuna wani abu: da safen nan maigidana Malam Sahabi ya dawo daga kasuwa ban ji shigowarsa ba. Tun da ya sauya wa motarsa birki da kansa a ƙofar gida, ba ta shan kwanar lungunmu na Jega Magaji sai ta yi wani kuka mai tsini, ƙiii, har kaji su watse. Yau kuwa tsit, sai sallamarsa kawai na ji a zaure. Mai ya ɓace, kukan mota ya ɓace, duk a safiya ɗaya. Kuma washegari da sassafe motar nan za ta ɗauki mahaifiyarsa, Hajiya Tumba, da ƙaramar ɗiyata Kulu, zuwa suna a Maiyama, kan hanyar da tireloli ke gudu kamar an biyo su, shanu kuma su ratsa lokacin da suka ga dama.

Kafin in faɗa muku yadda man miyata ya gamu da motar mijina, bari in yi magana da ku samarin yanzu, masu zuwa ƙofar gidanmu da waya a hannu kuna cewa gyaran birki ai ba komai ba ne, noti biyu ne a kwance a ɗaure. Gaskiyarku, kwancewa ba wuya, akuya ma in aka ba ta sifana za ta kwance. Aikin yana farawa ne bayan an mai da taya, an sauke jak, an wanke hannu, sannan mota ta buɗe baki ta fara magana. A nan mutumin cikin wayarku yake yin bankwana ya ce a danna masa alamar yabo.

Ni ɗiyar Mainasara Birki ce, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin motocin tashar Jega. Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, almajiran sana'a kuwa da sun koyi kwance taya sai su gudu su buɗe nasu garejin. Sai ya zamana in an kawo aiki gida da yamma, ni ake ɗorawa a kujerar direba, a sa mini matashi a baya don ƙafata ta kai. Aikina fitar da iska daga man birki. Shi yana kwance a ƙasa da siririn tiyo irin na ƙarin ruwan asibiti da tsohuwar kwalbar lemo, yana ba da umarni: "Taka! Taka! Riƙe! Kar ki saki, Luba, in kin saki iska ta koma. To, saki." Haka za mu zagaye ƙafa huɗu. Ina jin babu direba a Jega da ya taka birki yawan da na taka, amma har yau ban taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Jak mai tsiyayar mai wanda ba ya yarda da shi ko kaɗan, da tsohon turmin mahaifiyata da ya tsage, wanda yake tokare mota da shi kafin ya shiga ƙarƙashi, da guduma, da filaya, da buhun sifanoni wanda kullum ƙaramar cikinsu ce ke ɓata. Amma yakan ce manyan kayan aikin biyu ne, kuma ba a sayar da su a kasuwa: ƙafa da kunne. Ƙafa ita ke gaya maka ko feda ta yi laushi kamar tuwon da bai kwana ba, wato akwai iska, ko ta tsaya ƙyam yadda ake so. Kunne kuwa sai an zauna an koya. Yakan zaunar da ni bakin titi bayan na dawo daga makaranta, ya ce in rufe ido. Mota ta zo wucewa ta rage gudu, ya ce, "Mi tac ce?" In na ce ban sani ba, ya ce ai ba da Turanci ta yi magana ba.

A wurinsa na san sunayen abubuwan. Akwai faranti, ƙarfen nan mai kewaye da ke juyawa tare da taya. Akwai fad, 'yan takalma biyu masu damƙe farantin in an taka, gabansu abu mai kaushi kamar dutsen niƙa, bayansu ƙarfe. Kuma a wurinsa na ji dokar da bai taɓa karyawa ba, ko da mai mota na rantsuwa cewa jirgi zai bar shi: motar da aka taɓa wa birki ba ta ɗaukar rai sai an kai ta fili an gwada ta babu kowa ciki sai direba.

Da na gama sakandare aka yi mini aure, na ɗauka na yi sallama da man birki. Malam Sahabi ɗan kasuwar albasa ne, yana saro ta a Aliero da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya kawo Jega, wani lokaci ya wuce da ita Maiyama. Mutum ne mai kirki, mai tsare sallah, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Aibinsa ɗaya, in aka yabe shi ba ya iya cewa ba ni ba ne.

Sai shekarar da albasa ta ruɓe. Ruwa ya zo ba lokacinsa ba ya shiga rumbuna, wadda ta tsira kuma ta rasa mai saye, har warin ya riƙa tarbar mutum tun kafin ya shiga Aliero. Baba, mahaifina, ya riga ya rasu. A shekarar nan duk mai mota ya gano cewa ashe shi ma bakanike ne, zuwa gareji ɓarna ce. Sai a sayo fad a leda, a ari jak wurin maƙwabci, a tara duwatsu, a buɗe waya. Kafin damina ta fita, in ka tsaya bakin kasuwa sai ka ce tsuntsaye aka sako: wannan na fito, wancan na gurnani, wata na tari.

Aikina na farko a gidan aure, motar wani manomi ce daga Danwarai, abokin cinikin Malam. Ya sauya fad a gona, tun daga nan motar ke wani siririn kuka. Malam ya shigo ɗaukar musu ruwa yana dariya, ya kwaikwaya mini da baki, siii, siii. Ina tankaɗe na ce, "In ya taka take yi, ko ko tana tafiya ma?" Ya fita ya dawo ya ce ko bai taka ba. Na ce, "In ya sha kwana tana sauya murya?" Ya sake fita ya dawo ya ce tana yi. Na ce to ya leƙa bayan faranti, akwai wani ɗan murfin kwano mai kare ƙura, mai gyaran ya danne shi da gwiwa ko da guduma ya lanƙwashe, yanzu yana goga. A tura shi baya da babban yatsa. Malam ya fita da kwanon ruwa, ya zagaya motar sau biyu yana shafa gemu, ya durƙusa, ya tura. Kuka ya ɗauke. Mutumin Danwarai ya riƙe baki ya ce, "Malam, ashe haka Allah ya yi ka ba mu sani ba?"

Malam ya ce, "To, sai godiya."

Daga ranar ya zama Malam Mai Kunne. Tsarin aikin ya zauna da kansa, ba mu taɓa zama mun tsara shi ba. Ni ba na fita wurin maza. Mai mota zai zo, Malam ya ce ya bi lungun nan ta jikin katangarmu, ya taka a daidai bishiyar dogonyaro, ya dawo da baya ya sake takawa. Bai gaya wa kowa cewa madafata na bayan katangar ba. Sai ya ce bari ya shiga ya sabunta alwala. Ya shigo, in gaya masa, ya jiƙa hannu da fuska a buta, ya fita da amsa. Har aka fara cewa a gari sirrin yana cikin alwalar. Na ji labarin wani direba da ya yi ta alwala a tasha yana kasa kunne jikin tayarsa. Ni dai na ce ko ba komai an samu ladan tsarki.

Motar Jabbi mahauci, aminin Malam tun suna yara, ita ce ta fi ba ni dariya. Ba ta kuka, sai dai in ya taka ta ce ƙwas, sau ɗaya. In ya koma da baya ya taka, ta sake cewa ƙwas. Wannan fad ne ke wasa a mazauninsa, babu 'yan ƙarafunan da ke matse shi. Na ce wa Malam ya tambaye shi ko wani abu ya yi saura da ya gama ɗaurewa. Ina jin su ta katanga.

"Jabbi, da ka gama aikin, ba abin da ya rage a ƙasa?"

"Awo, wasu 'yan ƙarafuna kamar na matse gashin mata. Ga su nan cikin aljihu. Ka san masu ƙera mota da almubazzaranci, komi sai sun sa ya yi yawa."

"To in ka yanka sa, ka gama kasawa ka ga saura wata tsoka ba ka san inda ta hito ba, aljihu kaka sa ta?"

"Wanga daban. Sa ai Allah ya yi shi, ba ya da ƙari."

Ba duka ne abin dariya ba. Wani bawan Allah daga Alelu ya zo da wata mota tana gurnani, gurrr, tun daga bakin titi na ajiye muciya. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ya sa fad ɗaya a juye, bayan yana kallon faranti, don a ganinsa gefen da ke ƙyalli shi ne fuska. Ga mata da yara cike da bayan motar. Ranar ban jira alwala ba, na aika a ce Malam ya shigo yanzu. Aka sauke matan suka shigo wurina, na dama musu fura, ba su san abin da ya tsayar da su ba, suna ta mitar rana na yi. Na bar su suna mita, mita ai ta mai rai ce.

Yanzu mu dawo kan motar gida. Da nata fad ya cinye, Malam ya ga bai dace Mai Kunne guda ya kai mota gareji ba. Ya sayo sabo mai araha, ya sa da kansa, kuma don Allah ya sa shi daidai, na saurara. Sai dai sabon fad, musamman mai araha, yakan yi kuka kafin ya saba da faranti, kamar sabon takalmi. Na gaya masa ya yi haƙuri, ba ciwo ba ne, zai lafa. Amma mutanen gari ba su da haƙurin. Duk inda ya tsaya sai an juyo. Jabbi kuwa ya samu abin yi, daga kan teburinsa na nama yake ɗaga murya: "Malam Mai Kunne, wai ba ka jin taka? Ko kunnen na haya na, sai motocin mutane?" Yaran lungu suka koma kiran motar Amarya, wai kullum tana kuka.

Wannan ita ce motar da ta shigo shiru ranar Laraba.

Na aika Kulu zaure ta kira shi. Lokacin ba ta wuce shekara shida ba. Ya shigo fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Innar Kulu, kin ji shigowata yau?"

"Ban ji ba, Malam."

"To kin gani."

"Malam, man gyaɗana nake nema."

Ya yi 'yar dariya, ya zauna kan tabarma ya ba ni labari kamar mai koyar da darasi. Ya ce jiya da la'asar ya samo wani mutum a waya, da farar riga da safar hannu, yana maganin kukan birki. Ba ya jin yaren mutumin, amma ya ga ya ɗauko fad, ya lakato mai da ɗan buroshi. Shi kuma da ya duba babu giris a gida, sai ya tuna mai ai mai ne. Ya kwance fad na gaba duka, ya zuba su a kwanon sha, ya tuttula musu man gyaɗa suka kwana a ciki don su sha sosai, bayan sallar asuba ya mayar.

Na ce, "Malam, mutumin nan da ya lakato man, wane gefe ya shafa wa? Gaba ko baya?"

Ya ce, "Nan ne data ta ƙare."

Na yi salati a zuciyata. Ɗan giris kaɗan ake ɗigawa a bayan fad, gefen ƙarfe, da jikin sandunan da yake zamewa a kai. Gaba kuwa, gefen da ke damƙe faranti, ko yatsa mai maiƙo Baba ba ya bari ya taɓa. Na gaya wa Malam haka a hankali, na ce birkin da ya sha mai ba ya kuka don ba ya kamawa.

Ya ce, "Ai da ita na tahi kasuwa na dawo. Ba ki ji yadda take tsayawa ba, a natse, ba fizga, kamar sabuwar mota. Har Jabbi ya ce in mun dawo Maiyama zai kawo tashi in jiƙa mishi. Da wasu mutum biyu 'yan tasha."

Wato ba motarmu kaɗai ba, man gyaɗa na shirin ƙarewa a Jega.

Ya ga a fuskata ban gamsu ba, sai ya ce in zo in gwada da kaina. Ya shigo da motar ta ƙofar baya inda muke sauke buhuna, ya rufe ƙyaure. Na hau kujerar direba, na taka. Feda ta tsaya ƙyam, babu iska, babu laushi, yadda Baba ke so. Dole ta tsaya, don maiƙon yana can jikin fad, ba ruwansa da feda. Na sauko, ya hau ya ja motar gaba kaɗan ya taka, na kasa kunne, babu ko ƙis.

"To, Innar Kulu. Ƙahwarki ta shaida, kunnenki ya shaida. Saura mi?"

Kayan aikina biyu ke nan, kuma duka sun tsaya a bayansa. Duk shekarun nan motoci ke faɗa mini ciwonsu, yau ga wadda aka toshe wa baki. Ba ni da abin da zan nuna masa sai gwangwanin da babu komai ciki.

Na ce, "Saura dokar Baba. Gobe Hajiya za ka ɗauka, da Kulu. Ka kai ta fili ka gwada, kai kaɗai." Ya fara cewa ai kasuwa ma gwaji ce. Na ce a kasuwa tafiyar jaki ake yi, hanyar Maiyama kuwa ba haka take ba. Ya ɗan ɓata rai. Sai na ƙara da cewa, "Kuma ai gara Jabbi ya gani da idonsa kafin ya kawo tasa. Ka kira su su kalli yadda take tsayawa." Allah ya yafe mini, na san wace ƙofa na ƙwanƙwasa. Nan take fuskarsa ta washe.

Bayan la'asar aka taru a filin bayan gidanmu, inda yara ke ƙwallo, a ƙarshensa akwai wani babban tarin karan dawa da maƙwabcinmu ya jibge don shinge. Ni na kife turmi jikin katanga na hau, ina leƙe ta saman, carbi a hannu. Jabbi ya zo da rigarsa ta aiki, 'yan tasha biyu suka zo, yara suka cika gefe, Kulu a cikinsu.

Malam ya fara a hankali. Ya tafi ya taka, motar ta ja jiki ta tsaya can gaba da inda ya nufa, shiru. Aka yi tafi. Ya zagayo ya sake, aka sake tafi. Ya yi ta zagaye yana takawa, kowane zagaye yana ƙara wuta, yana ɗaga wa jama'a hannu ta taga. Jabbi ya ja layi da ƙafa a ƙasa ya ce, "In kai Mai Kunne na, taho da gudu ka tsaya nan!"

Malam ya koma can bakin fili. Ya taho da gudu irin na babban titi. Daidai layin na ga jan fitilar baya ta kama, na ga kafaɗunsa sun miƙe, wato ya taka iya ƙarfinsa. Motar ta wuce layin, ta wuce Jabbi, ta wuce 'yan tasha, a natse, ba fizga, kamar sabuwar mota. Ba ta ce komai ba. Tayoyin baya ne kaɗai suka ja ƙasa, ya fizgo birkin hannu, ta karkace, ta shige cikin tarin karan nan har rabin jiki. Kara ya rufto mata.

Ban san lokacin da na sauko daga turmi na sake hawa ba. Can ƙofa ta buɗe, Malam ya fito da ganyen kara a hula, lafiyarsa lau, alhamdu lillahi. Wani siririn hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Yara suka ruga, Kulu a gaba. Ta tsaya jikin taya ta shaƙa, ta juyo ta ɗaga murya yadda duk fili zai ji:

"Lah! Motar Baba na ƙanshin ƙosai!"

Jabbi ya matso ya sunkuya ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya miƙe ya ce, "Wallahi gaskiyar ɗiya. Malam, saura yaji." 'Yan tasha suka zube ƙasa. Har wanda ya zo wucewa da jaki sai da ya tsaya.

Malam ya kakkaɓe hula, ya mayar, ya jira dariya ta lafa. Na ga ya dubi Kulu, ya dubi inda gaban motar ya nutse, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara murya ya ce, "To, kun gani da idonku. Abin da nika son nuna muku ke nan. Duk wanda ya sa ma birki mai, ga makomarshi. Kowa ya gaya ma ɗan'uwanshi."

Jabbi ya ce, "Ashe wa'azi munka zo."

Ban taɓa gyara wannan labarin a gari ba, kuma ya yi amfani, don har yau a tasha in sabon yaro ya kusanci fad da hannu mai maiƙo sai a ce masa, kai, ƙosai za ka soya? Da ya shigo gida ya yi alwala ta gaske, ya yi nafila, ya daɗe a sujada. Da ya sallame ya ce, "Innar Kulu, a wanke su da omo?" Na ce fad da ya sha mai ya sha ke nan, kamar ƙosan ne, ba ya komawa wake. A jefar. Farantan ne za a wanke da fetur a goge har tsumma ya fito fari. Da safe maimakon hanyar Maiyama sai ya nufi shagon kayan mota da ƙafa. Hajiya Tumba ta zauna a tsakar gida da lulluɓinta da ƙullin kayan barka tana faɗa, wai tun da take ba ta taɓa rasa raɗin suna ba sai a hannun ɗanta. Na kawo mata kunu na ce ta yi haƙuri, za su riski abincin rana. Ya ɗaura sabon fad, ya koma fili shi kaɗai ba tare da na ce ba, na ji shi ta katanga: gudu, ƙiii, tsayawa. Gudu, ƙiii, tsayawa. Sannan ya zo ya ɗauke su.

Saboda haka, samari, ku sauya birkinku a gida in kuna so, ban hana ba, gareji ya yi tsada. Amma ku tokare mota da abin da ya fi jak amana. In wani ƙarfe ya yi saura, ba kyauta aka ba ku ba. In ta yi kuka, ku tambaye ta yaushe take yi: in an taka ne, ko tana tafe, ko a kwana, ko da baya. Kukan da ke ƙaruwa da gudu kamar iska a kunne, sau da yawa ma ba birki ba ne, boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Kukan safiya bayan ruwan sama tsatsa ce, za ta goge. Ku sayi data mai isa. Kuma kar ku ɗauki kowa sai kun je fili.

Ranar sunan na yini ina aiki da rabin kunne a titi. Na share inda na riga na share. La'asar ta wuce, rana ta yi ja, aka fara haramar magariba, ina zaune kusa da murhu da ragowar man da na aro wurin maƙwabciya. Sai can daga bakin lungu, daidai dogonyaro, na ji ta: ƙiiii, doguwa, mai tsini, har kaji suka watse. Ban taɓa jin ta ja shi haka ba. Na miƙe ina cewa a raina wannan kuma mene ne, ko wani abu ya sake kwancewa.

Kulu ce ta fara shigowa da gudu, takalmi ɗaya a hannu, bakinta duk maiƙon naman suna. Ta faɗo jikina ta ce:

"Inna, kin ji mu? Ni na ce ma Baba ya taka da ƙarhi, don ki san mun iso."